Kwana Bakwai Ba Tauna

Likita Amílcar ya tuɓe safar hannu,
haƙorana biyu na kwance a faranti.
Ya ce, "Belmiro, buɗe kunne.
Ban da zafi, ban da tauri, ban da tsami.
Kada ka zuƙi komai da tsinke,
kada harshe ya je leƙen ɗinki.
Jinin da ya daskare a ramin nan
shi ne maigadinka, kada ka kore shi."

Na gyaɗa kai, baki cike da auduga.
Ni da na shekara arba'in da ɗaya
ina gasa burodin masara a birnin Porto,
mai ɓawon da ke ƙara kamar busasshen reshe,
yau an mai da ni ɗan yaye.

Daren farko, kindirmo mai sanyi.
Cokali uku suka shige, na huɗu ya bi haɓa,
don leɓena bai san yana nan ba.
Ƙanƙara a tawul, tawul a kunci.
Kogin Douro na ta tafiyarsa ƙarƙashin gada,
bai ce wa kowa ya jiki ba.

Rana ta biyu na murƙushe ayaba.
Yunwa ta zauna bakin gado kamar mai bin bashi.
A ƙasa Telmo, yaron shago, ya buɗe tanda,
ƙamshi ya hawo matakala ɗaya bayan ɗaya,
ya shigo ba sallama.
Na rufe taga.
Na sake buɗewa.

Rana ta uku aka buga ƙofa.
Ermelinda ce ta hawa na uku,
wadda muka shekara tara ba ma ga maciji
kan zanen gadonta da ke ɗiga
daidai inda nake shan iskar burodina.
Tukunya a hannu, fuska a murtuke.
Ta ce, "Kabewa da dankali, na tace sau biyu,
na bari ta huce.
Ba don kai na yi ba,
nishinka ne ke hana ni barci."

Na sha ta gefen hagu, kai a karkace,
kamar kaza ta hango shirwa.
Man zaitun na yawo a sama, ɗigo-ɗigo.
Gishiri bai ji ba. Ban faɗa ba.
Ko na so faɗa, da wane bakin?

Washegari ƙwai mai laushi, ko cokali bai ji shi ba.
Na roƙi shinkafa, ta ce ƙwaya na ɓuya a rami.
Na roƙi kofi mai tururi, ta harare ni.
Rana ta biyar kifi, an dafa har ya saki jiki,
tana tsince ƙaya, tabarau a kan hanci,
tana ba ni labarin marigayi Custódio
da ya ci gyaɗa kwana biyu bayan tiyata,
ya kwana uku yana dukan bango.
Na yi dariya, ɗinki ya ja mini kunne.
Na kurkure da ruwan gishiri a hankali,
na bar shi ya zubo da kansa.

Ashe mai ciwon baki ya fi kowa iya sauraro.

Ran bakwai na sauka tanda da asuba,
na zaɓi wanda ya fi gasuwa,
na naɗe a takarda, na hau hawa na uku.
Ta karɓa, ta ƙwanƙwasa ɓawon da yatsa,
sai ta sa hannu a baki
ta zaro haƙoran roba, ta ajiye a kofi.
"Shekara tara rabona da ɓawo, Belmiro.
A ina ka zaci na koyi miyar?"

Muka gutsuttsura shi cikin romo,
muka jira ya jiƙu, ba mai magana.
Ta taga ina jin zanen gadonta
yana ɗiga, yana ɗiga.
Na miƙa mata gishiri.